Shawara kan raba fayiloli daga na'urar NAS a ofishin ƙungiyar manoma

Sakataren ƙungiya, Auyo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa ta sayi NAS, wato na'urar ajiyar fayiloli da kwamfutocin ofis ke shiga ta hanyar sadarwa, ta kamfanin Synology mai faifai biyu, kuma a ofis muna da kwamfutoci huɗu masu Windows da guda ɗaya ta Mac. Ina neman shawarar hanyar da ya kamata in kunna domin kowa ya riƙa buɗe rajistar mambobi da lissafin taki daga wurin zamansa.

Mai gyaran kwamfuta, Haɗeja: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Daga cikin hanyoyin raba fayiloli da ke na'urar, ka kunna SMB kaɗai, domin Windows da Mac duka suna aiki da shi, kuma kamfanin Apple ma ya daɗe da barin tsohuwar hanyarsa ta AFP ya koma SMB. NFS na masu kwamfutocin Linux ne, ka bar shi a kashe, haka ma FTP wanda ke aika kalmar sirri a buɗe. Idan ka shiga sashen File Services a saitin na'urar, ka sa nau'in SMB mafi ƙanƙanta ya zama SMB2, mafi girma kuma SMB3. Tsohon nan SMB1 shi ne ƙofar da cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi a 2017, saboda haka ko wata tsohuwar firinta ta nace sai da shi, gara a canja firintar. Sannan ka ba na'urar lambar IP tsayayya, wato adireshin da ba ya canjawa, don kada ta ɓace wa kwamfutocin duk lokacin da aka kashe rauta, wato na'urar da ke haɗa su.

Ma'ajiya, Ringim: Malam, ina roƙonka kada ka bar kowa ya shiga da sunan admin. A wani ofis da na yi aiki haka aka yi, har wani yaro ya goge jakar rasidai ta shekara guda, kuma ba a iya gane wanda ya yi ba tunda suna ɗaya ake amfani da shi. Ka buɗe wa kowa asusunsa, masu duba rajista su samu izinin karantawa kawai, mai lissafi shi ne zai iya gyarawa, sannan ka kunna kwandon shara a kowace jaka. Faifai biyu da ke kwafar juna ba sa ceton abin da aka goge, domin a take yake gogewa a dukansu.

Sakataren ƙungiya, Auyo: Na gode, Hajiya. Shugabanmu yakan yi kwanaki a Dutse, yana kuma so ya riƙa ganin takardun daga can.

Mai gyaran kwamfuta, Haɗeja: Kada ka buɗe tashar 445, wato ƙofar da SMB ke bi, zuwa intanet ko da wasa. Ka sa manhajar Tailscale, mai haɗa na'urori daga nesa ta hanya mai tsaro, a na'urar da wayar Alhaji, domin tana aiki ko da rautar taku mai layin waya ce. Ka kuma haɗa na'urar da UPS, wato akwatin batiri mai riƙe wuta idan ta ɗauke, ta wayar USB, yadda za ta kashe kanta cikin tsari idan batirin sola ya yi ƙasa da daddare.