Zanen fuskar wanda ake tuhuma: me kuka gani da idonku?

Malamar zane, unguwar Rikkos, Jos: Assalamu alaikum. Na sa ɗalibaina sun zana fuskoki daga hotuna iri biyu, na waɗanda aka gabatar wa manema labarai bisa zargin laifi, da kuma hotunan fasfo na 'yan unguwa. Muka cire ankwa da makaman da ake jerawa a gabansu, muka liƙa zanukan a bango babu suna. Iyayen da suka zo kallo sun kasa bambance su, har wata uwa ta nuna wani tela mai tabo a goshi ta ce wannan ɗan sara-suka ne. Ina so in ji daga waɗanda abin ya taɓa.

Mai ɗaukar hoto, Terminus: Malama, tun a 1878 wani Bature a Ingila, Francis Galton, ya haɗa hotunan fursunoni da yawa a kan farantin ɗaukar hoto guda ɗaya domin ya fito da kamannin mai laifi, sai fuskar da ta fito ta fi kowannensu kama da mutumin kirki. A shagona ma, duk wanda na zaunar gaban farin ƙyalle na hana shi murmushi, yakan fito kamar wanda ake nema ruwa a jallo.

Makanike, Gangare: Ni an nuna fuskata a talabijin kafin a kai ni gaban alƙali. Kotu ta sallame ni, amma wannan hoton har yau yana wayoyin mutane, alhali takardar sallamar tana cikin akwatina. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Da wani yaro ya zana ni ina kwance ƙarƙashin mota da sifana a hannu, mahaifiyata ce ta fara neman a ba ta zanen.

Hajiya, Unguwar Rogo: 'Yata Malama, ban ƙi aikinki ba, kuma na tausaya wa ɗan nan makanike. Sai dai wanda ya soki jikana da wuƙa saboda waya shi ma fuskar yaron kirki gare shi, yakan durƙusa ya gaishe ni da safe. Idan za ki sake liƙa zanuka, ki turo ɗalibi guda gidana ya zana jikana da ɗinkin da ke cikinsa, a rataye shi a bangon tare da su.