Sabuwar incaji da antin da ta fi ƙarfin rosta

Mai tambaya:
Slm 'yan uwa ma'aikatan jinya, dan Allah ku bani shawara kafin in yi abin da zan zo ina da na sani. Wata biyu kenan da aka bani incaji, wato shugabar ma'aikatan jinya, na ɗakin mata masu doguwar kwanciya, gado 18, yawanci shanyewar ɓarin jiki ne sai masu suga da ƙafa ta lalace da tsofaffi biyu da suka karye a ƙugu. To akwai wata anti da ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ce ma ta koya min sa robar fitsari ina ɗaliba, amma tun da aka bani kujerar nan ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Handoba, wato miƙa aiki ga masu karɓa, ƙarfe 8 ne sai tara saura take shigowa, in nayi magana tace cunkoson Kwangila, alhali nima ta nan nake bi. Aikin dare kuwa kullum da uzuri. Duk wannan zan iya shanyewa wlh. Abin da ya tsaya min a rai shine jiya da safe bayan daren da tayi, na juya wata Iya a gado na 7 naga tsatsonta yayi ja, na danna da yatsa jan bai baje ba, alamar gyambon kwanciya ya fara, gashi cati, wato takardar da ake sa hannu in an juya mara lafiya, cike da sa hannun antin duk bayan awa 2. Na tambayi jikar da ke jinya tace tun isha'i ba wanda ya taɓa ta.

Wani nas daga Sabon Gari:
Sista ki rubuta kawai, tun ran gini tun ran zane. Ni kunya ce ta ja min. Wani oga ya dinga min irin haka ina kawar da kai don abokin yayana ne, har wani yaro ɗan acaɓa da ya samu matsalar laka gyambon kwanciya ya ci shi sai da muka ga ƙashi, mahaifinsa ya sayar da akuyoyi saboda kayan wankin ciwo. Da aka zo bincike ba a tambayi ogan komai ba, ni aka kira tunda ni ne incaji. Ki bata kwiri, wato takardar tuhuma.

Metiron (babbar shugabar nas) mai ritaya, cikin birni:
'Yata kar ki fara da kwiri. Shekara 35 nayi a aikin nan, takarda in ta shiga fayil ɗin mutum bata fita, kuma ita ba zata yafe miki ba har ku rabu. Na taɓa samun irinta, sai na jira aka tashi na ja ta ofis na rufe ƙofa nace Yaya me nayi miki. Ta daɗe shiru sannan ta fashe da kuka, ashe ciwonta shine ita da takardar shaidar jinya ta RN da shekara ashirin da wani abu an tsallake ta an ɗora masu digiri, ba wanda ya ko kira ta yayi mata bayani. Ba ni da ikon gyara wannan, amma na damƙa mata duk harkar wankin ciwo da koyar da ɗalibai, in likita yazo zagaye ita ke magana akan gyambo. Lattin bai tafi duka ba gaskiya, amma ya ragu sosai. Sai dai maganar sa hannu akan abin da ba'a yi ba, wannan kam ba'a lallashi akai. Ki ɗauko catin ki kai ta bakin gadon ku duba bayan Iya tare, ki faɗa mata wannan karon tsakaninku ne, in ya sake zaki kai sama, kuma ki rubuta ranar da abin da kuka yi a littafinki.

Wata daga Samaru:
Hmm. Ni dai bari in faɗi gaskiya ko za'a zage ni, nice antin a wani wajen. Kafin ki yanke mata hukunci ki duba su nawa ne a daren. Na sha kwana ni kaɗai da atenda, wato mai taimaka mana, guda ɗaya akan mutum ashirin da 'yan kai, an ɗauke wuta ana gyara ƙarin ruwa da tocilan waya, 'yan uwanmu duk sun tafi Ingila da Saudiyya ba'a cike gurbinsu ba, ga bayana da ya riga ya tafi, ya zanyi in juya mace mai ƙiba ni kaɗai sau shida kafin gari ya waye? Na cika cati ban juya ba, ba sau ɗaya ba, kuma har yau yana damuna. Abin da ya cece mu wata incaji ce da ta tara 'yan uwan marasa lafiya ta koya musu juyi da zanin gado, filo tsakanin gwiwoyi, a ɗaga dunduniya kar ta taɓa katifa, in an jiƙe a canza nan take. Jikokin nan suna iyawa in an nuna musu.

Maman 'yan biyu, Gyallesu:
Abu ɗaya dai, kar ki kuskura kiyi maganar a guruf ɗin WhatsApp na ɗaki. Nayi, ban ma kama suna ba nace "wasu", wata uku aka raba min ma'aikata gida biyu. Rosta kuma, wato jadawalin aiki, ki haɗa a gaban kowa ki fara sa kanki a dare, masu Sallah su karɓi masu Kirsimeti, a gani a rubuce.

Mai tambaya:
Na gode sosai, Mama Allah ya ƙara girma. Na duba, su biyu ne a daren, ɗayar kuma an ja ta wani ɗaki wajen sha ɗaya ba wanda ya sanar dani. Yau na kai anti bakin gadon kamar yadda kika ce. Bata ce komai ba, ta sa safar hannu ta duba, da kanta ta nemo filo biyu ta gyara kwanciyar Iya ta kira jikar tana nuna mata. Da muka fito tace "kin gama?" nace eh Anti, ta wuce. Na rubuta a littafina. Ranar Alhamis na sa mu dare tare ni da ita, har yanzu dai bata kawo uzuri ba.