Daga Bwari zuwa Kujerar Alƙali: Musayar Baitoci

Maman Hanifa, Kubwa:
Sallama gare ku masana doka,
Ga tambayata ina miƙowa.
Yarinya mai son zama alƙaliya,
Wace hanya ce take takawa?

Barista Uwani, Garki:
Anti, tun daga WAEC ake shiri,
Kiredit 5 ake dubawa.
In ba Turanci da Adabinsa,
Tsangayar lauya na rufewa.
Shekara 5 tana jami'a,
Shekara 1 a Makarantar Lauyoyi ta Bwari tana gogewa.
Darussa 5 da liyafa 3,
Da zaman kotu na koyowa.
In ta ci, sai hular gashi,
Sunanta Kotun Ƙoli ke rubutawa.

Malam Ɗanladi, Nyanya:
Barista, kin bar rassan Bagauda da Yola,
Ba Bwari kaɗai ake turawa.
Kuma lissafin shekaru ba daga digiri ba,
Ran sa hula yake farawa.
Babbar Kotu sai shekara 10,
Ɗaukaka Ƙara 12 ake cikewa.
Kotun Ƙoli kuwa sai 15,
A shekara 70 ake saukowa.

Barista Uwani:
Na karɓi gyara, Malam, amma
Cika goman ba shi ne hawa ba.
Ko majistare ce ko lauyar gwamnati,
Aikin hannunta za a karantawa.
Hukumar shari'a ta jiha ta tace sunaye,
NJC, Majalisar Shari'a ta Ƙasa, ta zauna tantancewa.
Ƙorafi ɗaya mai hujja a kanta,
Ya isa sunan ya yi nutsewa.
Gwamna ke naɗi a jiha,
A Abuja Shugaban Ƙasa ke naɗawa.

Hajiya Talatu, Gwarimpa:
Kun tsallake ramin da ke cin mata,
Takardar asali nake nunawa.
Ta yi aiki a jihar mijinta,
Ran rabo a ce baƙuwa ce, kuwa!
Ta koma gida su ce ta yi aure,
Gurbi ya wuce tana dubawa.
Duk da haka Aloma Mukhtar ta Kano,
1977 Babbar Kotu take hawa.
2005 ta kai Kotun Ƙoli,
2012 ita ke shugabantarwa.

Malam Ɗanladi:
Hajiya, ko ta hau akwai sauran aiki,
Da hannu shaida ake rubutawa.
Lauyoyi sun rufe jawabi,
Kwana 90 hukunci ke fitowa.
In ta sauka ba ta sake tsayuwa
Gaban kotu tana karewa.

Maman Hanifa:
Na gode, bari in duba Adabin,
Watan Mayu WAEC ke matsowa.