Littafin masu tonon ƙasusuwa a Tenere: ƙarya ko gaskiya?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Na ari wani roman na Faransanci wajen abokina, na kwana biyu ina karatu da cocila saboda an ɗauke wuta. Masu bincike ne ke tonon ƙasusuwan dodanni a Tenere, ƴan fashi na bin sawunsu. Wai kada mai tsawon mita tara! Marubucin bai zuba mana ba?

Malama daga Zengu: Ƙanena, wannan kam gaskiya ne. A Gadoufaoua, yankin Agadas, aka tono shi, Sarcosuchus. Can ma aka samo Nigersaurus, wani dodon zamanin da mai haƙora wajen 500.

Direban Tanut: Zancen kadan nan, na yarda. Amma a littafin wai mota ta ratsa rairayi kwana uku, ko taya ba ta fashe ba? Haba malam, marubucin bai taɓa bin hanyar Agadas ba.

Ɗan Birni: Malama, na gode. Direba, wallahi ni ma wurin ya ba ni dariya.