Ƙwayar Purkinje ta ɓeran da ya girma: akwai makarɓin NMDA ko babu?

Ɗalibar mastas, Samaru: Salamu alaikum malamaina. Takardar bitar da ke yawo tsakanin ɗalibai ta ce ƙwayar Purkinje, wato babbar ƙwayar jijiya ta ƙaramar ƙwaƙwalwa (cerebellum), ba ta da makarɓin NMDA mai aiki idan dabba ta girma, makarɓan AMPA da mGluR1 ne kaɗai ke karɓar gulutamet, sinadarin da ke isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya. In rubuta haka a jarrabawa?

Malamin fiziyoloji: Rubuta abinki. Zaruruwan jere sama da 100,000 daga ƙwayoyin giranul suna sauka a kan Purkinje guda, zare mai hawa kuwa ɗaya tal daga zaitun na ƙasa, wani gungun ƙwayoyin jijiya a gindin ƙwaƙwalwa. Duk biyun AMPA suke buɗewa, mai ɗauke da ɓangaren da ake kira GluA2, shi ya sa kalsiyam ba ya ratsa shi. Raunin mahaɗa mai ɗorewa, wato LTD da Masao Ito ya nuna a 1982, ga hanyarsa: mGluR1 ya tada inzayim ɗin PLC, zare mai hawa ya shigo da kalsiyam ta ƙofofin P/Q, inzayim ɗin PKC ya liƙa fosfet a gurbin Ser880 na GluA2, sai ƙwayar ta janye makarɓin AMPA zuwa cikinta. Ina gurbin NMDA a nan?

Malama, harhaɗa magunguna: Ranka ya daɗe, da sauran magana. A 2007 an auna lantarkin NMDA a mahaɗar zare mai hawa a ɓeraye manya. Yakan soma bayyana bayan mako na uku da haihuwa, ya kankama wajen wata biyu. Tsofaffin gwaje-gwaje da yawa a kan 'yan mako biyu zuwa uku aka yi su, lokacin da abin bai fito ba.

Malamin fiziyoloji: Hajiya, nawa ne girmansa kusa da na AMPA? Ɗan mitsitsi ne.

Mai kula da ɗakin gwaji: Ƙanƙantarsa ce ma ke sa a rasa shi, Malam. A milibolt -70 maganiziyam ya toshe ƙofar, dole a cire shi daga ruwan ko a ɗaga ƙwayar zuwa +40. A zuba gilaisin, don NMDA ba ya buɗewa da gulutamet kaɗai. A rufe AMPA da NBQX, a rufe GABA-A da fikurotoksin. Abin da ya rage a ɗora masa D-AP5, maganin da ke toshe NMDA, maikuromola 50. In ya ɓace, NMDA ne. Inda ake yin tuntuɓe: rassan Purkinje babba sun yi yawa, allurar awon lantarki da ke jikin ƙwayar ba ta iya riƙe ƙarfin lantarkin can nesa. Dalilin da ya sa ake gudun manyan ɓeraye tun farko ke nan. Yadda ake yanka ƙwaƙwalwar ma na da ruwa da tsaki: kaurin maikuromita 250 zuwa 300, a tsaye daga gaba zuwa baya, in ba haka ba a datse rassan.

Likita, Shika: Ku dai kada ku raina mGluR1. Akwai masu cutar Hodgkin, wani nau'in kansa, da garkuwar jikinsu ta far wa wannan makarɓin, tafiyarsu ta koma tangaɗi.

Malama, harhaɗa magunguna: Ba wanda ya raina shi, Dakta. Ni abin da na ƙi shi ne kalmar "babu".

Malamin fiziyoloji: To na sallama akwai shi. Amma D-AP5 da aka zuba a yanki ba ya tantancewa. Ƙwayoyin tauraro da na kwando, maƙwabtan Purkinje, suna da NMDA, kuma suna sakin naitirik oksaid da LTD ke bukata. A 2019 aka goge GluN1, ɓangaren da NMDA ba ya aiki sai da shi, a kowane jinsin ƙwaya daban, LTD ya lalace ne da aka cire na waɗannan ƙwayoyin, ba na Purkinje ba.

Ɗalibar mastas, Samaru: To me zan rubuta, Malam?

Malama, harhaɗa magunguna: Ƙanwata, ki faɗi shekarun dabbar da kuma mahaɗar da kike nufi. A zaruruwan jere, AMPA da mGluR1, ga GluD2 wanda gulutamet ba ya buɗe shi, aikinsa ɗaure mahaɗar ta hanyar furotin ɗin Cbln1. A zare mai hawa na babban ɓera, ki ƙara NMDA kaɗan.

Malamin fiziyoloji: Kada dai ta ce shi ke haddasa LTD. In takardar ta zo hannuna, zan ja layi a wurin.