Neman kalmar Hausa: me za mu kira dabbar tekun nan da Turawa ke cewa "seal"?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina fassara wani rahoton kimiyya da za a naɗa gobe da safe domin shirinmu na rediyo, kuma suna guda ya tsayar da ni. Rahoton yana magana ne a kan wata dabbar teku ta tsibiran Hawai na Amurka wadda Turawa ke kira "monk seal", tana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. A watan Disamba na 2018 masu bincike na hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, wato NOAA, suka sa hoton wani matashinta a Facebook, yana kwance ido a lumshe, wani dogon kifi mai siffar maciji ya maƙale masa a hanci, sauran jikin kifin yana reto a waje. Tambayar da rahoton ya ɗora a kan hoton ita ce ko binciken irin waɗannan baƙin halaye ya cancanci kuɗi da lokacin da ake kashewa. Manhajar fassara ta ba ni "hatimi", wanda kowa ya san na buga wa takarda ne. Ina neman sunan da mai sauraro zai ji sau ɗaya ya gane.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Malama. Ni a aji "karen teku" nake cewa, kuma ina da hujja. Mutanen Hawai da kansu, waɗanda suka fi kowa sanin dabbar, sunan da suka ba ta yana nufin kare mai gudu a cikin ruwa mai hargitsi, Jamusawa ma karen teku suke ce mata. A rabe-raben halittu kuwa tana cikin babban rukunin da ya haɗa karnuka da beyar, saboda haka sunan bai yi nisa da gaskiya ba. Duk wanda ya ga fuskarta da gashin bakinta ba zai yi gardama ba.

'Yar Yawuri: Malam, kada dai a ce "karen ruwa", domin wannan sunan yana da mai shi. Masunta a wajenmu sun san karen ruwa, ƙaramar dabba ce mai santsin gashi da ke satar kifi tana yaga taru. Idan Malama ta ce karen ruwa, shi za su hango. Na so in kawo "ayun teku", tunda ayu ma dabba ce mai shayarwa da ke zaune cikin ruwa, kuma ana samunsa a Kwara da Binuwai.

Malamin Kimiyya: Hajiya, ayu ciyawa yake ci, kuma ba ya fitowa tudu. Wannan kuwa kifi da ƙaguwa take farauta, sannan a kan yashi take haihuwa, uwar ta kwanta tana shayarwa mako biyar zuwa shida ba tare da ta ci komai ba. Ban da haka, da an ce ayu a rediyo hankalin rabin masu sauraro zai tafi wajen man ayu da masu tallarsa, rahoton ya bi ruwa.

Tsohon Edita: Ina karanta ku tun ɗazu, kuma abin da na daɗe ina kuka da shi na sake gani. Da an rasa suna sai a ɗauko dabbar tudu a liƙa mata "teku": zakin teku, giwar teku, dokin teku, yanzu kuma kare. Wannan lalaci ne, kuma tunanin Bature ne aka sa wa riga da hula. Hausa tana da hanyar raɗa suna daga hali, kamar yadda aka sami "ci-ma-zaune" da "faɗi-ka-mutu". Wannan dabbar idan ta fito gaɓa ba ta iya miƙewa a kan ƙafafun baya, da ciki take tafiya. Saboda haka sunanta "ja-ciki", jam'i "ja-cikai". Gajere ne, yana da daɗin faɗi, kuma namu ne. 'Yata, ki sa shi gobe, nan da shekara kowa ya saba.

Mai Fassara: Baba, na gode ƙwarai. Damuwata ita ce a littattafan makaranta "dabbobi masu jan ciki" su ne maciji da ƙadangare da dangoginsu, kuma a cikin wannan rahoton akwai kifi mai siffar maciji a hancin dabbar. Ina tsoron mai sauraro ya kasa bambance wanda ya shiga hanci da mai hancin.

Ɗan Damagaram: Gafara dai, malamai. A wajenmu wanda ya yi lakwal "fok" ya sani, daga Faransanci. Ban ce a ɗauke shi ba, amma ina tuna muku cewa shirin rediyo ba ya tsayawa a kan iyaka, kuma duk lokacin da aka ari kalma daga Turancin Ingilishi aka ce ita ce daidaitacciyar Hausa, mu ne ake bari a baya. Idan za a yi aro, a faɗi dalilin da ya sa "sil" ta fi "fok". Idan ba za a yi ba, ina bayan karen teku, domin mutumin Maraɗi da na Zariya duk za su gane shi.

Ɗalibin Larabci: Idan aro ne, ai Larabci ya fi cancanta, tunda daga can muka sami alƙalami da littafi da hatimin ma da manhajar ta kawo. Larabawa suna ce mata "fuƙma". Sannan ina jan hankalin Malamin Kimiyya cewa a Larabci "kalbul bahri", wanda shi ne karen teku kalma da kalma, ana kiran wani kifi da shi, don haka wanda ya yi karatu a can zai iya ruɗewa.

Tsohon Edita: Kun gani ko? Wannan ya ja Faransa, wancan ya ja Misira, ɗayan ya ja Jamus. Amma ni tambayata ta wuce suna. Wane ne ya ce wannan rahoton ya cancanci minti goma na iska? Mutane da digirin digirgir sun tafi tsibirin da ba kowa, suna zare kifi daga hancin dabba, ana biyansu da kuɗin harajin talakawan ƙasarsu, mu kuma mun zauna muna wahalar nema musu suna. Wace cuta aka warkar da wannan binciken?

Malamin Kimiyya: Ranka ya daɗe, wannan ita ce tambayar da rahoton yake son amsawa, kuma ta shafi fassarar, domin idan Malama ba ta fahimci amsar ba za ta karanta shi kamar labarin ban dariya. Da farko, babu wanda aka tura musamman domin ya binciki kifi a hanci. Ma'aikatan hukumar NOAA suna kafa sansani a tsibiran arewa maso yammacin Hawai na tsawon watanni, suna ƙidaya dabbobin, suna sa musu lamba, suna kwance waɗanda ragar masunta ta sarƙe, suna cire ƙugiya daga bakin waɗanda suka haɗiya. A cikin wannan aikin ne suka ci karo da abin, karon farko a 2016. Jagoran wannan aikin binciken a lokacin, Charles Littnan, ya ce sau uku ko huɗu kawai aka gani, kuma duk matasa ne. An zare kifin a kowane karo, dabbobin sun rayu, kifayen ne suka mutu. Bayani biyu aka kawo: ko dai dabbar ta cusa hanci a ramin dutsen murjani tana neman abinci, kifin ya faɗa mata hanci wajen neman tsira, ko kuma ta haɗiye shi ta yi amai ya biyo ta hanci. Abin yana da haɗari, domin dabbar tana toshe ƙofofin hancinta idan za ta nutse, kuma mushen kifi a hanci yana iya jawo ciwo.

Na biyu, a 2018 ɗin nan adadinsu duka a duniya bai wuce kusan 1,400 ba. Idan jinsi ya ragu haka, mutuwar mace ɗaya mai haihuwa asara ce da ake ji a ƙidaya. Baƙin halaye kuma su ne suka sha nuna inda matsala take. A tsibirin Laysan, ɗaya daga cikin waɗancan tsibiran, an lura cewa maza da yawa sukan taru a kan mace guda wajen barbara, su ji mata munanan raunuka a gadon baya, wasu matan har su mutu. Da aka bi diddigi sai aka ga maza sun rinjayi mata a yawa, saboda haka a 1994 aka kwashe manyan maza 21 aka kai su manyan tsibiran Hawai, kuma mace-macen suka ragu. Da wani ya ce kallon barbarar dabbobi ɓata lokaci ne, da ba a gano wannan ba. Haka aka gano cewa wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin kuliya, ruwan sama ya wanke ta zuwa teku, tana kashe su. Haka kuma ƙananan kyamarori da aka liƙa musu a baya suka nuna yadda suke kifar da duwatsu a ƙasan teku suna cin abin da ke ƙarƙashi, wanda ya taimaka wajen amsa zargin wasu masunta cewa suna cinye musu kifi. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda ke raye suna nan ne albarkacin irin wannan ceto, ko nasu ko na iyayensu, kuma a 2021 adadin ya haura 1,500.

'Yar Yawuri: Malam ya manta da 'yar'uwarta ta tekun Karebiyan, wadda rabon da a tabbatar da ganinta tun 1952, har Amurka ta ayyana ƙarewarta a 2008. Ita ba ta sami masu leƙa mata hanci ba. Sannan Baba, dabbar ba ta yi mana nisan da kake zato ba: ta ukunsu, ta Bahar Rum, tana da babban mazauni a kogunan dutse na gaɓar Ras Nuwadibu, wajen iyakar Muritaniya da Yammacin Sahara, inda a 1997 kusan kashi biyu cikin uku suka mutu cikin 'yan watanni. Saboda haka ko ba don Hawai ba, wata rana labarin Afirka ta Yamma zai buƙaci sunan.

Tsohon Edita: Na ji, kuma batun mazan Laysan ya shige ni. Amma ku lura da cewa yawancin misalan da Malam ya kawo na abubuwan da suka yi kisa ne. Kifin hancin bai kashe ko ɗaya ba, kuma har yanzu zato biyu kawai ake da su. Ina nan a kan cewa hoton ne ya sayar da labarin. Game da suna kuwa, ku tuna wa kuke yi wa magana. Mutanenmu ba sa ganin kare da daraja. Ka ce wa dattijo a ƙauye ana kashe miliyoyi domin ceton kare, ka ga irin tsakin da zai ja.

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne, ranka ya daɗe, hoton ne ya sayar da labarin, kuma ban ga laifin hakan ba idan ya sa mutane sun san dabbar tana nan. Amma wanda ke tsaye a bakin gaɓa ba shi da hanyar sanin wane baƙon hali ne zai zama na kisa sai ya rubuta shi ya ci gaba da lura. Batun tsaki kuwa, karen ruwa da karen buki suna cikin harshen tun kaka da kakanni, ba wanda ya ƙyamaci sunan.

Ɗan Damagaram: Saura kalmar "monk". An ce an ba ta sunan ne saboda naɗin fatar wuyanta ya yi kama da hular rigar masu zaman kaɗaici na Kirista, kuma ba ta cika shiga garke ba. Za a fassara ta ne ko a bar ta?

Ɗalibin Larabci: "Rahibi" ke nan, kuma kalmar tana cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa. Sai a ce "fuƙma rahiba".

Mai Fassara: Malam, idan na ce haka sai na yi bayanin kalmomi biyu maimakon ɗaya, kuma minti goma gare ni. Ga abin da na tsayar. A ambato na farko zan ce: "karen tekun Hawai, wata dabba mai shayarwa da takan kai tsawon mita biyu da nauyin da kan haura kilo 200, wadda ke farauta a cikin teku ta fito kan yashi ta haihu." Daga nan sai in ci gaba da "karen tekun". Kalmar "monk" zan bar ta, tunda sunan wurin ya isa ya bambanta ta. Kifin kuma zan ce "dogon kifi mai siffar maciji", domin wani a ofis ya ce in sa gaiwa, ita kuwa gaiwa ta fadama ce, ba ta da haɗi da wannan. Baba, zan aro bayaninka na tafiya da ciki in sa a cikin siffantawa, domin shi ne ya bambanta ta da zakin teku. Abu ɗaya ya rage: tunda "kare" namiji ne, idan na zo kan matan Laysan me zan ce?

'Yar Yawuri: Kada ki kuskura ki ce "karyar teku" a iska, Malama. Ki ce "ta macen" ko "uwar".

Tsohon Edita: Ga irin abin da nake gudu ke nan, suna ne da ba a iya faɗin macensa a gaban mutane. Ja-ciki ba shi da wannan matsalar. Ki sa karen tekunki gobe tunda lokaci ya ƙure, amma ban sa hannu ba, kuma a jerin kalmomin da nake tarawa ja-ciki na rubuta, na sa karen teku a gefensa da ƙaramin rubutu.

Ɗalibin Larabci: Idan akwai sauran wuri a gefen, Baba, a ƙara fuƙma.