Ɗalibata ta kasa barci saboda JAMB

Malamar Jagoranci: Assalamu alaikum. Ni ke ba ɗalibai shawara a wata makarantar 'yan mata. Wata 'yar aji shida, JAMB saura wata guda, barci ya ƙaurace mata. Jiya ta shigo ofis hannunta na rawa, ko biro ta kasa riƙewa. Na ce ta kwantar da hankalinta, sai ta zuba min ido kawai. Ya zan yi?

Ma'aikacin jinya: Wa alaikumus salam, Malama. Ai da za ta iya kwantar da shi, da ba ta zo ba. Ki bar ta ta amayar da abin da ke cikinta, kar ki katse ta. Sannan ki koya mata numfashi a hankali: ta ja daƙiƙa 3, ta saki daƙiƙa 3. Yana cikin PM+, wani tsarin taimaka wa masu damuwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai zama 5.

Wata uwa: Ki tambaye ta abin da take raya wa ranta da dare. Tawa cewa take "in na faɗi, Baba zai aurar da ni". Sai da na zaunar da su biyun.

Ma'aikacin jinya: In ta ambaci cutar da kanta kuwa, asibiti a ranar, tare da iyayenta.